Wa Zai Faɗa wa Na'ura Iyakarta?

Akwai wani mai haɗa manhajar kwamfuta a Tudun Wadan Zariya, sunansa Malam Zulkiflu. Shi da ƙaramin abokin aikinsa Kailani suna aiki a wani ɗaki mai zafi da ke saman kemis ɗin Hajiya Lauratu.

Hajiya tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya. Ita ta ba su ɗakin kyauta, saboda suna ƙera ƙaramar na'urar ɗaukar hoton ciki, mai araha, wadda asibitin ƙauye zai iya saya. Amma shekara ta zagayo ba a gama ba, kuma Hajiya ta gaji. Ta ce idan masu asibitocin da ta gayyato suka gani ba su gamsu ba, za ta karɓi makullinta.

Ga abin da ya tsayar da aikin. A cikin na'urar akwai wani ɗan guntu, kwanturola, da ke zuba hotuna kai tsaye a memori, wato ma'ajiyar na'urar. Sai dai hannunsa ba ya kaiwa ko'ina. Dole wata ƙaramar manhaja, wadda masu sana'ar ke kira direba, ta sanar da uwar manhajar cewa iyakarsa nan, kar a ba shi wuri gaba da haka.

Direbobi biyu ne. Na babban allon na'urar, wato farantin da guntayen ke zaune a kai, Malam Zulkiflu ya rubuta, na kwanturola kuma Kailani. Kowa ya sa layin iyakar a cikin nasa, kowa kuma ya kafe cewa nasa ne zai zauna.

"Allon ne ya san hanyoyin memori, Kailani. Wurin layin nan a wajena yake."

"Malam, ai mai guntun ne ya san tsawon hannunsa. Gobe idan an canza guntu fa?"

Wallahi kowannensu yana da hujja. Da sun zauna da shayi sun zaɓi ɗaya, da tuni an wuce wurin. Amma maganar ta tashi daga kan na'ura ta koma kan wane ne babba. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya yana danne-danne.

Wata Juma'a Hajiya ta hawo benen tana dafa gwiwa.

"Ni dai na gaji da ku. Zulkiflu, kai ne babba, ka yi haƙuri. Kailani, kai ne ƙarami, ka yi biyayya. Kar in sake jin maganar nan."

Dukansu suka sunkuyar da kai suka ce, "To, Hajiya."

Maganar ta shiga kowa. Malam Zulkiflu ya ji kunya, ya goge layinsa don ya bar wa yaro. Amma ya buɗe baki ya ce wa Kailani, "Na janye"? Girma ya hana. Kailani ma ya ji nauyi, ya goge nasa don ya bar wa Malam, ya kuma yi shiru don kar a ce an ci shi da yaƙi.

Suka gwada na'urar, ta yi aiki lafiya lau. Tsohon allon gwajinsu ƙaramar memori gare shi, duk inda aka ba guntun hannunsa yana kaiwa. Kowa ya ɗauka layin ɗan'uwansa ne ke aiki, har yana yaba wa kansa haƙuri a zuci.

Ranar nuni suka ɗauko sabon allo mai babbar memori, wadda ta fi ƙarfin hannun guntun, don a burge baƙi. Masu asibitoci suka cika ɗakin, wasu daga nesa suka taso. Surukar Hajiya, Rahma, mai tsohon ciki, ta yarda a gwada a kanta.

Aka kunna. Hoton ya fara fitowa, sai ya tsage ya zama layi-layi, na'urar ta sandare. Aka kashe aka kunna, haka. Rahma ta ja mayafinta ta tashi zaune. Baƙi suka yi ta "Allah ya sa albarka", suna sauka ɗaya bayan ɗaya.

Da ɗakin ya yi shiru, Malam Zulkiflu ya buɗe direban Kailani yana neman layin. Bai gani ba.

"Ina iyakar da ka sa?"

"Na cire, Malam. Na bar maka."

Malam Zulkiflu ya ja kujera ya zauna.

"Ni ma na cire nawa. Na bar maka."

Kafin ruwan shayi ya tafasa sun mayar da layin a direban Kailani, hoto ya fito tar. Kailani ya leƙa taga da sauri, amma motar baƙo ko ɗaya ba ta rage ba.

Hajiya na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma ya ƙare mata. Ta miƙo tafin hannunta kawai.

Malam Zulkiflu ya laluba aljihu, ya ɗora mata makullin.

Darasi: Idan za ka janye, ka janye da bakinka. Haƙurin da girman kai ya hana ka furtawa bai gama zama haƙuri ba, kuma aikin da kowa ya bar wa ɗan'uwansa a ɓoye ba shi da mai yi. Ku tura wa abokan aikinku, musamman waɗanda kuka kwana biyu ba kwa magana.