Mai Gadin Kwamfutoci da Gwiwar Inna

Akwai wani saurayi da ya shekara bakwai a birni, ran nan ya dawo gida. Ya tarar an yi wa coci rufin kwano, an kafa famfo a bakin kasuwa, mangwaron da ya bari iya ƙugunsa har ya fi ɗaki tsawo. Abu ɗaya ne bai canza ba: in ya gai da Inna, sai ta ce lafiya lau, kamar yadda take ce masa a waya duk shekarun nan. Kwana biyu kacal, zaman ya ishe shi, ya ce jibi zai koma.

Gwaggonsa Briskila tana ɓare gyaɗa, ta tambaye shi wane irin aiki ne wannan da ba ya barin mutum ya zauna. Ya ce gadi yake yi, amma na kwamfutoci. Wani babban kamfani ne ke da manya-manyansu ɗari uku, akwai kuma manhajar da ke bi tana gaishe su kowane minti. Wadda ta amsa, allo ya nuna kore. Wadda ta yi shiru, ja.

"In ta amsa, shi ke nan?"

Ya yi dariya, ya ce ai sabon shiga ne ke yarda da kore. Kwamfuta takan amsa gaisuwa alhali cikinta ya ɗau zafi. Sai an auna zafin, an duba nauyin aikin da ke kanta, an lura ko amsar ta fara jinkiri.

"Madalla, sarkin gadi," in ji Gwaggo. "Uwarka fa? Tun da ka zo, ka ga ta tashi daga tabarma ba ta dafa bango ba?"

Sai ya tashi. Ya je ya zauna kusa da Inna, ya ce ta miƙe ƙafa ya gani. Gwiwa ta kumbura kamar gwanda. Ashe wata takwas ke nan rabonta da coci. Da ya ce don me ba ta faɗa masa ba, ta ce, "Gaishe ni kake yi, ɗan nan. Ka taɓa tambaya?"

Ya ɗaga tafiyar, ya kai ta asibiti. Lahadi ta uku ta taka har coci da sanda, tana tsokanar masu yi mata sannu.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Allon nan mai kore shi ne "lafiya lau" da muke ce wa juna a ƙofar coci. Gaisuwa tana da kyau, amma Ubangiji ya ba mu kiwon juna, kiwo kuwa sai da zama da dubawa. Shi ma Ubangijin kada mu riƙa ce masa lafiya lau muna ɓoye kumburi.

Saurayin nan dai bai daina son tafiya ba. Yana ɗaure jaka, ya ce kowace Asabar zai kira. Gwaggo ta ce ita zai fara kira, don kuwa ita ba ta nuna kore a banza.