Kura da Ɗan Rumbun Kurege

Ga ta nan ta taso, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

Kunkuru ke da wani rumbu mai haihuwa. Ka buga shi ka ce, "Rumbu, haifo!" sai ga irinsa sak a gidanka, da gero da dawa. A cikinsa kuma Kurege ya gina nasa ɗan rumbu na ƙuli-ƙuli.

To Kura, uwar cika baki, surukarta za ta zo yini, ta riga ta rantse za ta kawo mata ƙuli-ƙulin Kurege. Ta ruga ta buga, "Rumbu, haifo!" Ya haifo. Ta leƙa ɗan rumbun ciki, wayam! Sai wani tsinke yana nuna gabas, da zare a ƙulle a wuyansa.

Ta ce, "Kunkuru, rumbunka ɓarawo ne!"

Ya ce, "Nasa ya ba ki. Na ciki na Kurege ne, shi ke lura da kayansa. Tsinken hanyar gidansa ce, ƙullin kuma alamar suyar ƙuli-ƙulin da rumbuna ya sani ne. Bi tsinken."

"Ni in bi tsinke? Da girmana?"

Ta sake bugawa, wayam. Ta buga na uku har farce ya karye, wayam! Gida ya cika da rumbuna, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Ke Lantana mai sauraro, rufe baki, ba a zo wurin dariyar ba!

Ana haka suruka ta yi sallama. Kura ta haure katanga ta bi tsinke har gidan Kurege.

Kurege ya duba ƙullin ya ce, "Wannan suyar bara ce."

"Ga sabo can yana ƙamshi!"

"Tsinkenki bai san shi ba. Sai Kunkuru ya sake ƙulli."

Lokaci ya ƙure, ta kwaso na bara, ya bushe kamar tsakuwa. Ta durƙusa ta ce, "Bismillah, Inna." Tsohuwa ta gatsa, ƙaras! Haƙorinta guda da ya rage ya faɗo cikin kwano.

Wayyo kunya! Kura sai ta fashe da "Hi-hi-hi!" Dariyar nan ce ta maƙale mata har yau. Ku dai in kun ga rumbu cikin rumbu, ku tambayi mai na ciki, ku kuma duba ƙullin kafin ku gayyato suruka.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya faɗa rumbu, mai nemansa ya bi tsinke.