Gawayin da Aka Aika Lambu da Yunwa

Dalilin da ya sa a garin nan ba a ɗaukar gawayi daga wuta a wuce da shi lambu kai tsaye, sai an fara kai shi turken awaki ya kwana biyu a can, shi zan gaya muku yau, tunda na kama ku da idona. Kai Cindo, ajiye kwandon nan. Na san nufinka alheri ne, ka ga uwarka ta gaji ka ce bari ka rage mata hanya. To, wanda ya fara yin wannan kuskure ma nufinsa alheri ne, kuma ya fi ka gemu. Ku matso inuwa. Ke Hajjo, yalon da kika tsinka mini a ɓoye, fito da shi daga zani, na gani.

Wannan baƙar ƙasa da kuke takawa a lambunanmu, da can ba haka take ba. Fara ce fat, yashi zalla, irin na hanyar kasuwa. Ka zuba mata tulu guda na ruwa, kafin ka juya ka ɗauko na biyu ta shanye kamar ba a yi ba. Ka sa taki, ruwa ya tafi da shi can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Mutanen garin nan namu, Rafin Ƙirya, na wancan zamani gero da wake kawai suka sani. Damina na wucewa sai a rataye fartanya, ba mai wahalar da kansa da lambu.

Ana nan sai wata tsohuwa ta zo, sunanta Ladingo. Daga arewa ta fito, daga wani gari da rijiyoyinsa suka ƙafe har mutanensa suka watse. Mijinta ya rasu, 'ya'ya kuma Allah bai bar mata ko ɗaya ba. Mai gari ya ba ta ɗaki a gefen gari da ɗan fili kusa da rijiya. Kayanta duka tabarma ce da tukunya, sai wani ɗan ƙullin tsumma da ba ta rabuwa da shi. Irin yalo ne a ciki, na lambun uwarta, fari mai ratsin kore, wanda in ka gatsa za ka fara jin ɗaci, sannan zaƙi ya biyo baya a maƙogwaro.

In mata sun tambaye ta me ta ɗaure haka kamar zinariya, sai ta ce, “Kabarin uwata yana can, ba ya ɗaukuwa. Wannan ne na iya ɗaukowa.”

Baƙuwa ake ce mata a garin, ita ma ba ta musa ba. Mata sun sha cewa za su zo su yi wa ɗakinta daɓe, don ta daina kwana a kan yashi. Sai ta ce, “Ku bar shi tukuna. Baƙo raɓa ne.”

Da kaka ta wuce, ta kwance ƙullin, ta ɗibi kaso mai yawa ta yayyafa a fangali. Safe da yamma tana hanyar rijiya da tulu, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Yalo ya tsiro, ya yi ganye huɗu-huɗu, daga nan yashi ya nuna mata halinsa. Kafin ya yi fure ya bushe a tsaye. Ta ɗaure abin da ya rage.

Maƙwabcinta maƙeri ne, sunansa Mato. Ƙaton mutum ne, in ya ɗaga guduma har ƙasa ke amsawa, amma ga kunya kamar wanda ya je gidan surukai. Duk wahalar nan ta tsohuwa a kan idonsa aka yi, ta saman danga, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Shi Mato yana da wata al'ada. Garin gawayin da ya zube a maƙera, sai ya watsa shi ƙarƙashin awakinsa don turke ya bar danshi da wari. In ya taru, a share a tura jikin danga, inda igiyar awaki ba ta kaiwa. A nan wata kabewa ta fito da kanta, ba mai shuka ba mai kula, sai ɗan ruwan da yake kashe ƙarfe a ciki in ya watsar. Amma tsakiyar rani tana nan kore shar. Mato ya dubi wurin ya ga baƙi, sai ya ce aikin gawayi ne. Rabin gaskiya ya gani, yara, rabin kuma yana ƙarƙashin wutsiyar akuya.

Da lokacin lambu ya zagayo, ya yi sallama a ƙofar Ladingo, ya durƙusa ya gaishe ta.

“Inna, na ga wahalarki bara. Akwai abin da na lura da shi a bayan maƙerata. Duk inda garin gawayi ya taru, ruwa ba ya gudu. In kin yarda in kawo miki ki gauraya da ƙasarki.”

Ta taɓa ƙullinta. “Ɗan nan, abin da ya rage mini ba shi da yawa.”

“In Allah ya yarda ba za ki yi da-na-sani ba, Inna.”

To, a nan kunya ta yi ɓarnarta. Mato ya zagaya bayan maƙera da kwando, ya tsaya a kan tulin nan. Ga kashin awaki, ga fitsari, ga ƙudaje. Ya ce a ransa, “Subhanallahi! Wannan zan kai wa sa'ar uwata? A ce Mato ya share turke ya kai wa tsohuwa kyauta?” Sai ya shiga daji ya saro busasshiyar ƙirya, ya ƙona sabon gawayi, ya daka shi a turmi, ya tankaɗe, ya zuba a sabon kwando, ya rufe da faifai kamar kayan gara. Wallahi in kun ga gawayin nan sai ku ce kwalli ne.

Ku ɗauki guda ɗaya daga kwandon Cindo ku karya, ku duba da kyau. Kun ga 'yan ramukan nan? Wuta ta cinye duk abin da ke cikin icen, ta bar shi da ciki fayau. In ka binne shi haka, ba ya ba ƙasa komai sai ya fara cika nasa cikin. Ɗan abincin da ke cikin yashin Ladingo, wanda dama bai taka kara ya karya ba, gawayi ya zuƙe shi.

Da farko abin ya yi kyau. Ruwa ya zauna a fangali, yalo ya tsiro, Mato yana tafiya kamar an ba shi sarauta. Sai ganye ya fara yin rawaya. Tsiro ya tsaya cak, ba gaba ba baya, har ya kwanta ɗaya bayan ɗaya. Mato ya zo ya tsaya a bakin fangali, ya kasa ɗaga kai.

Ladingo ta ce, “Ruwa ya zauna, Maƙeri, ba ka yi ƙarya ba. Yalon ne bai zauna ba.”

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Mutanen gari kuwa ba su raga masa ba. In ya wuce dandali sai ka ji an ce, “Maƙeri, yaushe za ka ƙera mana albasa?” Ya sauya hanya, ya daina bi ta ƙofarta. Sai dai takan fito ta tarar da damin itace a jingine, ba sallama ba mai shi. Haka damina ta zo ta wuce. Irin da ya rage a ƙullin ko tafin hannu ba zai rufe ba, ga shi iri ma tsufa yake yi kamar mutum. In ranin nan ya wuce bai yi 'ya'ya ba, yalon uwar Ladingo ya ƙare a duniya.

Ana cikin haka sai ruwan fartanyarta ya tsage. Maƙeri kuwa ɗaya ne a garin. Ta dogara sanda ta nufi maƙera. Mato na hango ta, sai ya yar da guduma ya zagaya baya ya tsuguna a bayan awaki. Ku dubi ƙaton mutum yana ɓuya a bayan akuya! Ta bi shi a hankali, tana cewa, “Fito, ɗan nan, na ga hularka.”

Ba ta ƙarasa ba idonta ya faɗa kan kabewar nan da tulin da take kai. Ta durƙusa da ƙyar, ta tura hannu cikin baƙar ƙasar. Ta ji sanyi, ta ji laushi, ga tana tana motsi tsakanin yatsunta. Ta kai hanci.

“Wannan ne abin da ka ce ka gani?”

“Shi ne, Inna.”

“Shi ka kawo mini?”

“Haba, Inna! Wannan ai ƙazantar turke ce. Sabo na ƙona miki, mai tsabta.”

Ladingo ta yi dariya har hawaye ya zubo, dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Ta ce, “Kai ɗan nan, ashe ladabinka ne ya cinye mini yalo. Wannan ya ci ya ƙoshi a ƙarƙashin awaki, shi ya sa yake da abin bayarwa. Wancan da yunwa ka aiko mini shi. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.” Ta share ido da bakin zani. “Ban ga laifinsa ba. Ranar da na iso garin nan, da an miƙa mini tuwon yaro an ce in riƙe masa, da na cinye.”

Ta ce ya kwashe tulin ya kai mata. Mato ya riƙe kai. “Inna, don Allah kada ki sake jin maganata. Mu gwada da irin wani tukuna, mu gani.”

“Irin ba zai jira wata shekara ba. Ni ma ban san ko zan jira ba. Ɗauko kwando.”

Ba tabbas take da shi ba, kada ku ce na ce muku ta sani. Duk da haka ta kwance ƙullin ta zazzage shi kaf, har tana karkaɗe tsumman. Mato da kansa ya yi ta jigilar ƙazantar nan a ka, tana zubo masa a wuya, masu dariya suna yi bai kula su ba. Ya karɓe mata jan ruwa. Amma fangalin ne ba ya iya kallo. In ya zuba ruwa sai ya kau da kai.

Ba duka suka tsiro ba, 'yan kaɗan ne. Da suka kai ganye huɗu, daidai inda na baya suka mutu, Mato ya kasa shiga filin ma. Kullum da safe sai ya tsaya a bayan danga ya ce, “Inna, wane launi?”

Ta ce, “Kore.”

Gobe ya dawo. “Inna, wane launi?”

“Kore, Maƙeri. Je ka yi aikinka.”

Ran nan ya tambaya, ya ji shiru. Ya tsallake danga, sai ya tarar da ita zaune a ƙasa tana kallon fure.

Da yalo ya ƙosa, manyan ta bar su a jikin uwa su nuna don iri. Guda ɗaya ta tsinka, fari mai ratsin kore. Ta goge shi da zani, ta yi bisimilla, ta gatsa da sauran haƙoranta. Ta daɗe tana taunawa, idonta a rufe, Mato yana tsaye yana kallonta. Can ta haɗiye.

Ta ce, “Maƙeri, gaya wa mai ɗakinka ta tara mini mata. Gobe za a yi wa ɗakina daɓe.”

Mato ya juya baya, wai hayaƙi ne ya shiga masa ido, alhali ko wuta babu a wurin.

Irin da ta samu ba ta sake ƙulle shi a tsumma ɗaya ba. Ta raba gida-gida, kuma duk wanda ta ba sai ta ce masa, “Ka ciyar da gawayinka kafin ka ba shi aiki.” Mutane suka shiga ƙona kara da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, suna kashe wutar kafin ta zama toka, suna zubawa a turke. Toka ruwa ɗaya ke tafiya da ita, gawayi kuwa in ya shiga ƙasa ya zauna ke nan. Wanda Mato ya ɗauko a kansa yana nan ƙarƙashin ƙafafunku.

Shi ya sa har yau ƙasar lambunanmu baƙa ce alhali ta maƙwabtanmu fara, shi ya sa gawayi ba ya shiga fangali a garin nan sai ya kwana da awaki ya ƙoshi, kuma shi ya sa yalon farko na kowace shekara gidan maƙera ake kai shi. Cindo, ɗauki kwandonka, ka san hanyar turke. Ke kuma Hajjo, na ga kin gatsa kin yamutsa fuska. Kada ki tofar, jikan na ƙullin nan ne. Daure ki haɗiye, zaƙin yana tafe.