Baduku da Ɗamarar Mai Yasar Rijiya

Akwai wani mutum da ya shiga dukanci da girmansa, bayan fataucinsa ya karye. Ya zauna wurin wani tsohon baduku yana koyon huda fata da basilla, da ɗinki da allura biyu. Tsohon ya sha gaya masa, "Ka daidaita bakin fata tukuna, sa'an nan ka ɗinka. Wuƙa ba ta bin bayan zare." Amma shi abin da ya fi so shi ne gyaran baki, ya shafa kakin zuma, ya goge da dutse har fata ta yi ƙyalli, gama abin da masu saye suke yabo ke nan.

Wata rana da tsohon ya yi tafiya, sai ga wani mai yasar rijiya ya zo neman ɗamarar kirgi, irin wadda yake ɗaurawa a ƙugu a zura shi da igiya. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka ɗinke ta da kyau. Raina nake ratayawa a jikinta."

Mutumin ya ɗinka. Da ya gama, sai ya ga bakin ya karkace. Ya ɗauki wuƙa ya bi bakin yana datsewa, har ya ji kaifin ya ci zare. Ya duba, ya kuwa gani da idonsa. Ya san abin da ya kamata: ya warware ɗinkin duka ya sake. Amma rana ta yi nisa, yatsunsa kuma suna zogi. Sai ya cike wurin da kaki, ya goge, ya bi da jan rini. Mai rijiya ya karɓa yana cewa bai taɓa ganin aiki mai kyau haka ba.

Ba a daɗe ba, ana cikin zura shi, ɗamarar ta ɓalle. Aka fito da shi da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Mutanen gari suka ce tsautsayi ne.

Sabon badukun ya kasa cin abinci. Ya durƙusa ya roƙi Ubangiji gafara da hawaye. Sa'an nan ya zaɓi fata mafi laushi, ya ɗinka takalma masu ado, ya kai gidan mai rijiya.

Matar mai rijiya ta dubi takalman, ta dube shi. Ta ce, "Wa zai sa su?" Ta shiga ɗaki ta fito da ɗamarar, ta kankare kakin da farce a gabansa. "Zaren da ya gaji tsinkewa yake yi da gashi-gashi. Wannan yanka ne. Ka gani ko ba ka gani ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwargida, a yi haƙuri. Na riga na kai maganar gaban Ubangiji, na kuwa sami salama."

Mai rijiya ya ɗago kai daga tabarma ya ce, "Ɗan'uwa, ni na yafe maka. Amma ciyawar gonata ba ta ji labari ba. Ga damina ta sauka, ga yara ƙanana. Ka ɗaukar mini fartanya."

Baduku ya ce, "Ai ni ba manomi ba ne." Ya ajiye takalman a bakin ƙofa ya tafi.

A shekarar nan ciyawa ta cinye geron. Da kaka ta yi, matar ta riƙa bin gonakin mutane da 'ya'yanta suna kala. Baduku kuwa kowace Lahadi yana jerin gaba a majami'a, muryarsa ta fi ta kowa.

Ma'anar wannan misali ita ce, ɗinki shi ne gaskiyar aikinmu, wadda ran wani yake rataye a kanta. Kaki da rini su ne kyawawan kalmomin da muke rufe ɓarna da su. Ku lura da kyau, mutumin nan sau biyu ya shafa kaki: na fari a kan zaren da ya yanke, na biyu a kan laifinsa. Na biyun ya fi muni, gama da sunan Ubangiji ya shafa shi.

Kada wani ya ce mini ai an yafe masa. An yafe, hakika. Gafara aikin wanda aka cuta ne, ya kuwa yi nasa daga kan tabarma. Gyara aikin wanda ya yi cutar ne, har yau ba a yi ba. Muna da irinsu a cikinmu: wanda ya ɓata sunan 'yar mutane a bainar jama'a ya ba da haƙuri a ɓoye, da wanda ya ci iyakar gonar gwauruwa ya kawo wa ikilisiya buhun masara. Wannan ba tuba ba ne, kwalliya ce.

In ka san ƙofar da ka bar wani kwance a bayanta, kada ka tsaya gaisuwa bayan sujada yau. Ka tafi can, ka tambaye shi abin da yake bukata, ka yi shi, ko da ba sana'arka ba ce.