Ranar da Talo-talo Ya Matsar da Iyaka

An yi wani gari na dabbobin gida a kan tudu, ana ce masa Tsamiya Uku. Garin ba shi da rijiya ko ɗaya. Ruwansa daga karkarar dabbobin daji yake zuwa, ta wata doguwar magudana da ta taso daga idon ruwa ta zube a tafkin gari. Tsakanin gari da karkara kuwa akwai wani makeken fili mai farin yashi da inuwar ɗorawa, inda na gida da na daji ke haɗuwa su yi kokawa da langa da tsere. Ta tsakiyar filin nan magudanar ta ratsa.

Tun zamanin kakanni ƙa'ida ɗaya ce: kowa ya yashe magudana iya iyakarsa. Iyakar kuwa wani tsohon kututture ne a bakin gari. Saboda haka na daji ne ke yashe kusan dukanta, har da ta cikin fili.

Magajin garin shi ne Talo-talo, wanda ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya buɗe jela. Shugabar karkara kuwa Iya Gafiya ce, gwanar haƙa, amma akwai ta da riƙo. Mai duba magudana ita ce Agwagwa, uwar zirga-zirga. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko ganye ta ga ya faɗa ruwa, hankalinta ba ya kwanciya sai ta bi shi ta tsamo.

Wata rana da bazara aka yi kokawa a fili, Biri ya ɗaga Bunsuru ya maka shi da ƙasa. Na daji suka ɗauki ihu da shewa. Wuyan Talo-talo ya yi jawur, ya tashi ya bar wurin ba sallama.

Washegari ya kira Agwagwa ya ce, "Je ki gaya wa Gafiya, daga yau filin nan na gari ne. Na matsar da iyaka daga kututture zuwa gindin giginyar bayan fili."

Agwagwa ta matso kusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai in iyaka ta matsa, magudana ma..."

"Na tambaye ki zancen magudana? Aikenki na yi!"

Ta kama hanya tana tafe tana surutu ita kaɗai. Ta iske Iya Gafiya a bakin raminta tana ɓarar gyaɗa, ta isar da saƙo.

Iya Gafiya ta ce, "Kokawa ɗaya ce ta jawo wannan? Koma ki ce masa mu zauna. Fili ya zama na kowa, ku riƙa sharewa, mu riƙa yashe ruwa."

Agwagwa ta juyo da sauri har tana tuntuɓe. Da Talo-talo ya ji, sai ya kumbura ya ce, "Ni? In zauna da mai kwana a rami?"

Ta sake komawa. Ta so ta gyara maganar, ta fara kame-kame, amma Iya Gafiya ta tsare ta da ido. "Faɗa mini yadda ya faɗa."

Ta faɗa. Iya Gafiya ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga jikinta a hankali, ta ce, "To, madalla. Ya riƙe filinsa. Mu dai ƙa'ida muka sani. Zuwa giginya kawai za mu yashe."

Cikin kwana biyu na gida suka kewaye fili da shingen ƙaya. Awaki da tumaki suka samu wuri su kaɗai, suka yi ta tsere suna tsallake magudana, kofatansu na zubar da yashin gaɓa cikin ruwa. Agwagwa na bin su tana kururuwa, ba mai kula ta. Ta sa baki tana kwashe yashi, in ta gyara nan sai can ya rufta. Sau uku tana zuwa wurin Talo-talo, sau uku yana korarta.

"Kaji ba su da ƙafafu ne? In ta toshe su tona!" in ji shi.

Ran kwana na bakwai magudana ta toshe ɗif. Ruwa ya kauce ya malala cikin fili, yashi ya shanye shi, wurin wasa ya zama taɓo. Tafkin gari kuwa ya yi ta ja da baya a zafin bazara har ƙasansa ya tsattsage. Ga ruwa garai-garai can bayan giginya, amma shingen da na gida suka yi da kansu ya tare su.

Agwagwa ta kasa ci, ta kasa tsayawa. Ta je tafki, ta dawo fili, ta koma tafki. A bakin tafkin ta ga wata kaza tana yi wa 'yan tsakinta biyu fifita da fiffike, sun buɗe baki, ko kuka ba sa iyawa.

Da gari ya fara gunaguni, Talo-talo ya tara kaji ya ja su zuwa fili. Suka hau tono, wannan na watsa wa wancan yashi, wancan na maido shi inda aka kwashe. Talo-talo ya fusata.

"Ku kauce, ku ga yadda ake aiki!"

Ya buɗe jela ya taka cikin taɓo. Taku na uku ya nutse har ƙirji. Ya yunƙura, ya ƙara nutsewa. Na daji kuwa sun yi layi a bayan shinge suna kallo.

Ya ɗaga murya, "Kai, ku na can! Ba ku ga halin da nake ciki ba?"

Iya Gafiya ta ce, "Mun gani sarai. Sai dai mu masu kwana a rami ba ma tsallake iyakar manya."

Nan fa Agwagwa ta kai maƙura. Ta ruga bakin shinge. "Iya, yanzu na baro 'yan tsaki biyu suna shirin mutuwa da ƙishirwa. Su ne suka zage ki? Me suka sani game da giginya ko kututture?"

Iya Gafiya ta sunkuyar da kai.

Agwagwa ta juya wajen Talo-talo. "Kai kuma, ranka ya daɗe, na gaji da kai saƙo. Ga ta nan, ga ka nan. Faɗa da bakinka."

Taɓo ya kai masa wuya. Ya ce ƙasa-ƙasa, "A cire shingen."

"Ban ji ba," in ji Iya Gafiya.

"Iya, don Allah a cire shingen. Na yi kuskure."

Bunsuru ya sa ƙaho ya ture ƙaya. Na daji suka kwararo. Biri ya hau reshen ɗorawa ya kamo Talo-talo ta jela ya fizgo shi. Ya fito, amma gashin jelar duk ya tsaya a hannun Biri. Iya Gafiya da jama'arta suka faɗa magudana, yashi na tashi ta ko'ina, Agwagwa na gaba tana nuna musu inda ya rufta. Kafin la'asar ruwa ya shiga tafki, kaza ta tsoma bakin 'ya'yanta suka farfaɗo.

Washegari aka zauna a inuwar ɗorawa, na gida da na daji. Aka yanke cewa fili na kowa ne. Na daji za su ci gaba da yashe magudana har bakin gari, na gida kuma su dasa ciyawa a gaɓa, su ɗora itace inda za a riƙa tsallakawa, su kwashe yashin da aka fitar. Dattawan gari suka karɓe sarauta suka ba tsohon Jaki. Talo-talo kuwa aka miƙa masa ƙwarya, ya yi ta jidar yashi har damina ta sauka.

Darasin wannan labari shi ne, duk wanda ya ƙwace abin da ake mora tare, ya sani ya ɗauko har da wahalar da wasu ke ɗauke masa. Kuma in shugabanni suka tsaya gardamar iyaka, marasa ƙarfi ne ke fara shan wuya. Gara a zauna a raba aiki tun kafin tafki ya ƙafe.