Wakilin Kunya Uku

Akwai wani mai gandu da yake da gonaki goma sha biyu, kowace da wakilinta da manomanta. A gonar bakin hanya akwai wata gwauruwa, sunanta Rifkatu, tana noma tana ciyar da jikokinta.

Wakilin gonar nan kuwa mugun wayo gare shi. Duk takin da aka aiko, sai ya sa a zuba shi a kunya uku na bakin hanya. Nan ake nomewa, nan ake kyautatawa. Masu wucewa su ga gero ya yi kai, su yi ta yabo. Can ciki kuwa ƙuduji ya cinye kome. Kowace kaka Rifkatu takan ɗauki ƙwarya ta bi sauran gonakin tana kala, da haka jikokinta suke kai damina.

Ana nan sai mai gandu ya ce manoma su zaɓi wanda zai shugabanci gonakin duka. Wakilin nan ya fito nema. Mutanen sauran gonaki suka zo wurin Rifkatu suka ce, “Iya, ke kika zauna ƙarƙashinsa shekara takwas. Yaya hannunsa?”

Rifkatu ta ce a ranta, “Ɗan gonarmu ne. Kuma in ya tafi can sama, ai mun huta da shi.” Sai ta ce musu, “Ba ku ga geron bakin hanya ba?”

Suka zaɓe shi. Da ya hau, ya umarta a kwashe takin kowace gona a zuba a bakin hanya. Kaka ta yi, Rifkatu ta ɗauki ƙwaryarta, ta bi gonaki goma sha biyu tun safe har la'asar, ba ta sami zangarniya ko ɗaya ba. Ta zauna ta yi kuka mai zafi, gama ta san bakin da ya jawo.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar bakin hanya jiha ce, wakilin gwamna ne, gandun kuma ƙasarmu. Kunya ukun nan su ne titin babban birni da fitilunsa, alhali asibitin ƙauye ba magani. Rifkatu kuwa mu ne. Mun san yadda ya riƙe jiharmu, amma da aka tambaye mu muka ce namu ne. 'Yan'uwa, kujera ba ta sake halin mutum, faɗin gonar kawai take ƙara masa. Shaidar zur ce muka yi, kuma Ubangiji ya ji ta. Bana ina za mu je kala?