Yadda Kwaɗi Suka Samu Laima

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka Tambai!"

Wata shekara kududdufin kwaɗi ya ƙafe ƙaf. Sai uwar kwaɗi, ana ce mata Ladingo, ta ɗebi sauran ruwan a ɓawon gyaɗa, ta ce wa 'ya'yanta, "Ku tashi mu nufi rafi."

Hanya fili ce fetal. Rana ta take. Ga Zalɓe can sama yana shawagi, yana neman kwaɗin da zai haɗiye.

Sai suka iske Kuka. Ladingo ta ce, "Kuka, ɓoye mu."

Kuka ta ce, "Ba ki ga ganyena ya zube ba? Ƙara gaba."

Sai suka iske Giginya. "Giginya, ɓoye mu."

Giginya ta ce, "Inuwata ta na nesa ce. Ƙara gaba."

Sai suka iske wani ruɓaɓɓen Kututture. "Kututture, ɓoye mu."

Ya ce, "Baiwar Allah, ba reshe gare ni ba, ba ganye. Ƙishirwa ma ke neman kashe ni. Sam mini ruwa."

'Ya'yan suka fashe da kuka. "Inna, shi kaɗai ya rage mana!"

Ladingo ta dube su, ta dubi Kututture, sai ta juye masa ruwan duka.

Nan take wasu fararen laimomi suka ɓullo a jikinsa, manya da ƙanana. Ya ce, "Kowa ya tsinki tasa."

Suka tsinka, suka jera, suka kama hanya. Sai ga Zalɓe ya sauko, ba ya ganin kome sai laima. Ya ce, "Wa ke tafe?"

Ladingo ta kumbura maƙogwaro ta ce, "Gafara dai! Sarkin Ruwa ne da fadawansa. Wani mai dogon wuya muke nema, mai cin talakawanmu."

'Ya'yan suka ɗauka gaba ɗaya, "A kamo shi! A kamo shi!"

Zalɓe ya lanƙwashe wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ai nawa gajere ne!" Ya tashi fir, ko waiwaye babu.

Kwaɗi suka isa rafi suna guɗa, suka faɗa ruwa tsundum.

Shi ya sa farin abin nan da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen icce ake ce masa laimar kwaɗi.

Ƙurunƙus kan ƙusu, ta ƙare. Alheri ko a ɓawon gyaɗa yake, ba ya kaɗan.